Tsabtar cikin jirgin ruwa: ruwan ciki ya fi na waje ɓarna

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a kogin Komadugu ya san abin da ƙafarsa ke fara taɓawa. Ruwa ne kwance a ƙasan jirgin, gauraye da laka, da ɓawon kifi, da ƴaƴan tattasai, wani lokaci har da kashin awaki. Fasinja ya tattare riga, ya ɗage ƙafa, ya yi shiru. Mai jirgi kuwa ya saba, ba ya ma ganin sa. Hankalinsa yana kan ruwan kogi, yana duba igiyar ruwa da iska.

Amma masu gyaran jirage sun san wani abu. Jirgin katako daga ciki yake fara ruɓewa. Ma'aikatan kiwon lafiya su ma sun san cewa wannan ɗan ruwa da aka raina yana iya kai cuta har cikin gida. Shi ya sa yau za mu yi magana a kan tsabtar cikin jirgi: abin da ake yi kullum, da na mako-mako, da na shekara.

Kogin da jiragensa

Komadugu Yobe daga Najeriya yake tasowa. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke haɗuwa, su bi ta Gashuwa da Gaidam, sannan ruwan ya iso kudancin ƙasar Maine-Sorowa. Daga nan ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, tsawon kilomita kamar 150. Yana wuce Difa da Geskeru, ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso.

Kogin ba ya gudu shekara duka. Mafi yawan shekaru ruwa yana isowa wajen watan Yuli, ya cika sosai a ƙarshen shekara, sannan ya janye da shigowar bazara, ya bar tabkuna nan da can. An gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, duka a jihar Kano, kuma sun canza yadda ruwan ke zuwa mana. Wata shekarar kuma ya yi yawa, kamar ambaliyar Oktoban 2019 da ta 2022, lokacin da kwale-kwale ya zama shi ne hanya a wurare da dama.

Jiragenmu iri-iri ne. Akwai ƙaramin kwale-kwalen masunci. Akwai na fito, mai ɗaukar mutane da buhuna da dabbobi. Can wajen tabki akwai manyan jiragen katako masu inji, waɗanda ake yi wa rumfa da tabarmi ko tampol. A ƙarƙashin rumfar nan ake zama, a ci abinci, a dafa shayi, a kwana. Ɗaki ne sosai, sai dai a kan ruwa yake.

A 2015, saboda rashin tsaro, hukuma ta hana kamun kifi da cinikinsa a jahar Difa. Sai a 2019 aka ɗage hanin. Jirage da yawa sun lalace a ajiye cikin shekarun nan. Katako kuwa daga nesa ake kawo shi, yana da tsada. Wanda ke da jirgi yau ya riƙe dukiya, ya kamata ya san yadda zai sa ta daɗe.

Abin da ruwan ciki ke haifarwa

Na farko sauro. Macen sauro tana son ruwa kwantacce, marar zurfi, wanda rana ke ɗumamawa. Ruwan sama da ya taru a jirgin da aka ɗaure bakin gaɓa ya yi mata daidai. Da zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Jirgin da aka bari mako guda da ruwa a ciki ya zama gidan renon sauro a bakin gari. Sauro kuma shi ke kawo zazzaɓin da ke kashe yara ƙanana.

Na biyu tsargiya, wato fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana girma cikin wasu ƙananan katantanwa da ke manne da ciyawar ruwa. Daga jikinsu ƴan tsutsotsi ke fitowa, waɗanda ido ba ya gani. Suna huda fatar mutum su shiga jiki. Suna iya rayuwa cikin ruwa wajen kwana 2. In taru ya jawo ciyawa da katantanwa cikin jirgi, masunci kuma ya wuni ƙafarsa tsundum a ruwan ciki, to kamar a cikin kogin ya wuni. Wasu na ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne. Cuta ce mai lalata mafitsara da ƙoda. Tana da magani, sunansa furazikantel, kuma tun 2004 Nijar ke raba shi ga yara a wuraren da cutar ta yi yawa.

Na uku cututtukan da ke bin bayan gida. Yaro ya yi zawo a jirgi, ko marar lafiya ya yi amai a hanyar zuwa gidan likita. Aka watsa ruwa kaɗan, aka ce an wanke. Ƙazantar ta gangara ƙasan jirgi, ta taɓa bidon ruwan sha, da kifi, da hannun mai kwarfe ruwa. Ta haka kwalara ke yaɗuwa. Ta haka ma ciwon shawara mai kama hanta ke yaɗuwa, irin wanda ya ɓarke a jahar Difa a 2017, ya fi yi wa mata masu ciki illa.

Na huɗu ruɓa. Katakon da ke jiƙewa ya bushe rabi, ya sake jiƙewa, ga laka da jinin kifi a kansa, shi ne abincin funfuna. Sannu a hankali yana yin laushi. Ƙusa ta yi tsatsa ta saki. Wata rana jirgi yana tsakiyar kogi ɗauke da buhu 20, sai katako ɗaya ya buɗe.

Aikin kowace rana

Wannan aikin bai fi minti 15 ba, kuma ba ya cin kuɗi. Kayan aikin su ne ƙoƙo ko yankakken bido na kwarfe ruwa, da tsintsiyar kaba, da soso, da tsumma, da toka ko yashi.

Da an sauke kaya, a fara tsince abin da hannu ke iya ɗauka: ciyawa, katantanwa, hanjin kifi, leda, guntun abinci. Kada a mayar da su kogi. A kai su tudu, a binne ko a ƙone. Katantanwar da ta bushe a rana ba ta sake cutar kowa.

Sannan a kwarfe ruwan duka. Abin da ƙoƙo ya kasa ɗauka, a tsane shi da tsumma. A goge wurin da yauƙin kifi ya kwanta da toka ko yashi, domin santsin nan ya sha kayar da mutane. A ɗauraye, a sake kwarfewa. A bar jirgin a buɗe ya sha iska.

Wanda ke da takalmin roba mai tsawo ya sa shi lokacin aikin. In an gama, a wanke hannu da ƙafa da sabulu, a goge da busasshen tsumma.

Dabara ɗaya tana rage wahala ƙwarai. A jera sanduna ko guntayen katako a ƙasan jirgi, a yi ɗan dandamali mai tsawon yatsu huɗu daga ƙasa. Kaya da ƙafafu su zauna a kai, ruwa ya gangara ƙarƙashi. Amma kada a buga shi da ƙusa. A bar shi yadda za a iya ɗagawa, don ƙarƙashinsa ne ƙazanta ke ɓuya.

Ƙoƙon kwarfe ruwa shi kaɗai ne aikinsa. Ba a shan ruwa da shi, ba a dama fura a ciki. A ɗaure shi da igiya a jikin jirgi don kada ya ɓace ranar da ake bukatar sa.

Aikin mako-mako

Sau ɗaya a mako, a zaɓi ranar da ba fito da yawa. A jawo jirgi kan gaɓa in zai jawu. A fitar da kome: dandamali, tabarmi, taru, igiyoyi, tukwane. A shanya su a rana. A wanke cikin jirgin da sabulu da soso, lungu-lungu, musamman goshi da gindi inda ya tsuke, da inda katako ya haɗu da ɗan'uwansa.

Bayan sabulu sai ruwan jabel. Jabel ba ya aiki sosai a kan datti, shi ya sa wanki ke fara zuwa. A duba kwalbar. In an rubuta 2,6% a jikinta, a zuba awo 1 na jabel cikin awo 12 na ruwa. In wani ƙarfi ne daban, a tambayi ma'aikacin gidan likita. A shafa ko'ina, a bari minti 15, sannan a ɗauraye. Ruwan wankin a zubar da shi a rami kan tudu, nesa da kogi, domin jabel yana kashe ƙananan kifaye.

A kiyaye abu biyu. Kada a haɗa jabel da wani magani. Kada kuma a zuba shi inda takin zamani ya zube, sai an share an wanke tukuna, don haɗuwarsu tana tada tururi mai ƙona ido da ƙirji.

In wani ya yi amai ko zawo a jirgi, ba a jiran ƙarshen mako. Nan take a sa leda a hannu, a kwashe da yashi, a binne. A wanke wurin da jabel mai ƙarfi fiye da na kullum. In zawon kamar ruwan shinkafa yake, a hanzarta kai marar lafiya gidan likita. A hanya a yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ranar wankin nan ita ce ranar dubawa. A bi katako ɗaya bayan ɗaya, ana danna shi da bakin wuƙa. Inda wuƙa ta nutse cikin sauƙi, ruɓa ta fara. A duba ƙusoshi. Wadda ta leƙo a buga ta, wadda ta ci tsatsa a canza ta. Ƙusa mai datti in ta soki ƙafa tana iya kawo ciwon tetanos, mai sarƙe haƙora ya sandarar da jiki, kuma allurar rigakafinsa tana nan a gidan likita. In an ga tsaga, kome ƙanƙantarta, a cusa mata auduga ko tsumma, a shafe da kwalta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Rumfa da shimfiɗa

Jirgi mai rumfa yana da nasa ciwon. Rana ba ta shiga, iska ba ta ratsawa, danshi ya zauna. Tabarmar kaba tana shan ruwa ta riƙe. In ka shiga ka ji warin ruma, ko ka ga baƙaƙen ɗigo a jikin tabarma da tampol, funfuna ce. Tana sa tari da atishawa, tana tada ciwon mai asma.

Maganinta rana da iska. Kowace safiya a naɗe gefen rumfa. Tabarmi da barguna a fitar da su, a kakkaɓe, a shanya. Kada a naɗe tampol yana jiƙe. Tabarmar da ta yi baƙi ta fara zuba, a ƙone ta. Ƙasar Manga ba ta rasa goruba ba, sabuwar tabarma ta fi kuɗin magani araha.

Abinci a ajiye shi cikin abin da ke da murfi. Garin da ya zube da guntun tuwo su ke kiran ɓeraye da kyankyasai. Ɓera yana cin taru, yana cin igiya, yana fitsari a kan hatsi.

Ruwan sha a zo da shi daga famfo ko rijiya mai kyau, cikin bido mai murfi. A ɗaure bidon a sama, kada ya zauna cikin ruwan ƙasan jirgi. In dole sai an sha na kogi, a tafasa shi. Ko a tace, a sa ƙwayar tsabtace ruwa yadda aka rubuta a takardarta, a jira minti 30.

Wanda zai kwana a jirgi ya ɗaura gidan sauro. Wanda fitsari ko bayan gida ya matsa, ya jira tudu, ya yi nesa da ruwa, ya rufe da ƙasa. Ƙwan tsargiya ta fitsari yake komawa kogi. Mutum ɗaya mai cutar in ya yi fitsari a ruwa, ya ba katantanwa abin da za su raba wa yaran gari.

Kifi, tattasai da maganin ƙwari

Arzikin kwarin Komadugu tattasai ne da kifi, sai shinkafa da albasa. Yawancinsu sai sun hau jirgi kafin su ga kasuwa.

Manomi ya sha wahalar ban-ruwa wata da watanni. Ya tsinke tattasai, ya shanya har ya bushe ƙayau. Sai a ɗora buhun a jiƙaƙƙen jirgi. Gindin buhun ya sha ruwa. Kafin a kai kasuwa jan ya dushe, funfuna ta kama, ɗan kasuwa ya karya farashi. Wata funfunar ma tana barin guba mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa. Manomi yana da iko ya duba cikin jirgi kafin ya loda kayansa.

Ɗanyen kifi, ko tarwaɗa ne ko karfasa, kada a zube shi a ƙasan jirgi. A sa shi cikin kwando ko bahon roba mai tsabta, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a kare shi daga rana. Kifin da ya kwanta cikin ruwan jiya yana saurin lalacewa. Banda kuwa tana da ƙwaronta, mai cinye tsoka ya bar ƙaya da fata. Ƙwaron yana ɓuya cikin tsagar katako da tsofaffin tabarmi, yana jiran sabon kaya. Shara da rana su ke rage shi.

Wasu suna yayyafa piya-piya ko maganin feshin gona a kan banda da cikin jirgi. Wannan ganganci ne. Guba ce, tana shiga kifin, tana shiga cikin mai ci. In za a ɗauko maganin feshi ko takin zamani zuwa gona, a ɗaure su cikin leda, a ajiye su can gefe guda, nesa da abinci da yara. Galan ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba ya komawa na ruwa ko na kwarfe jirgi, ko sau nawa aka wanke shi. Ranar da aka ɗauki dabbobi, a shimfiɗa ciyawa a ƙasa, a kwashe ta da an sauka, a wanke jirgin kafin a ɗora abinci.

Mai da wuta

Mai jirgin inji ya ƙara kula. Tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, ƙasan jirgi yake kwanciya. Guntun taba ko garwashin shayi ya ishe shi kamawa. Bidon mai ya zauna a baya, a rufe, a inuwa, nesa da murhu. In mai ya zube, a zuba yashi ya tsotse, a kwashe zuwa tudu. Tsumman da ya sha mai kada ya kwana cikin rumfa.

Lokacin cikar kogi shi ne lokacin sanyin hunturu. Mutane kan rufe rumfa ruf, su hura gawayi a ciki don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari. Tana sa ciwon kai da jiri da barci, mutum ya kwanta bai tashi ba. Hayaƙin inji ma haka yake. Ba a kwana da garwashi cikin rufaffiyar rumfa.

In kogi ya janye

Da bazara jirgi yake samun hutu, kuma a lokacin ne da yawa ke mutuwa. A jawo shi tudu tun ƙasa ba ta kama shi ba. A kankare laka da gansakuka ciki da waje. A ɗora shi kan gungume ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa, saboda gara. A kife shi don kada ruwan farkon damina ya taru a ciki. A yi masa inuwa da zana, domin zafin watan Afrilu da Mayu yana tsaga katako. Lokaci-lokaci a leƙa ƙarƙashi. In an ga hanyar gara, a rushe ta.

A wannan hutun ake canza ruɓaɓɓen katako, a sake toshe tsaga, a shafa kwalta ko fenti. Ba a shafa su kan jiƙaƙƙen icce, don suna kulle danshi a ciki. In ruwa ya dawo, kada a yi lodi ran farko. A sa jirgin a ruwa marar zurfi kwana 2 ko 3, katako ya kumbura, tsagogi su haɗe. Sannan a kwarfe, a duba inda ke yoyo, a gyara.

Ya kai mai karatu, wataƙila ba ka da jirgi. Amma kana shiga na wani, matarka da ƴaƴanka suna shiga, tattasanka yana hawa. In ka je mashiga, ka karanta wa mai fito wannan shafi. Ku yi shawara da sauran masu jirage, ku tsayar da rana ɗaya a mako ta wanki da dubawa. Ku haɗa kuɗi ku sayi jabel da kwalta tare, ku haƙa rami ɗaya na zuba shara a kan tudu. Ƙoƙo da tsintsiya suna kowane gida. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya fisshe mu lafiya.